Yadda Na Haɗa Duwatsun Ado a Gida Domin Ƙananan Yara

Abin da ya sa na yanke shawarar haɗa duwatsun ado da hannuna, maimakon in nemi waɗanda aka riga aka yi, shi ne girman ƙwayoyin da kuma faɗin hujin da ke tsakiyarsu. Yaran da nake kula da su uku ne, 'ya'yan ƙanena: babbar tana da shekara bakwai, mai bi mata biyar, ƙaramin kuwa bai daɗe da cika uku ba. Yawancin duwatsun roba da na gilashi an yi su ne domin yatsun manya, kuma hujinsu ba ya karɓar komai sai siririn zare da allura, alhali yaron da bai gama iya riƙe fensir ba yana bukatar abin da zai cika masa hannu, da ƙofar da zai gani da idonsa ya zura igiya ba tare da an kama masa ba. Saboda haka tun kafin in taɓa gari ko ruwa, sai da na zauna na tsara wa kowane yaro irin ƙwayar da ta dace da hannunsa, na kuma yi la'akari da bakinsa, domin ƙaramin yaro da baki yake fara binciken duk abin da aka miƙa masa.

A kan wannan batu akwai ma'auni sananne da na dogara da shi. A Amurka da ƙasashen Turai, masu gwada kayan wasan yara suna amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, wanda aka kwatanta da maƙogwaron yaron da bai kai shekara uku ba, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana lissafa shi cikin abubuwan da za su iya shaƙe yaro. Ga abin da yake mulmulalle kamar ƙwallo ma'aunin ya fi tsanani, yana kaiwa wajen milimita 44, saboda mulmulallen abu yana toshe hanyar numfashi ruf, ba ya barin ko ɗan gefen da iska za ta bi. Ni ba ni da wannan kayan gwaji, don haka na yi amfani da bututun kwalin da ake naɗe takardar banɗaki a jikinsa, wanda faɗinsa ya ɗan wuce santimita huɗu. Duk da cewa ƙaramin namu ya haura uku, har yanzu yana kai abu baki, shi ya sa na ɗauke shi a matsayin wanda bai kai ba. Na ƙudura cewa duk abin da zan ba shi, dole ne ya ƙi shiga wannan bututu.

Wannan shawarar ta jawo wata. Mulmulalliyar ƙwaya mai faɗin santimita biyar tana da nauyi, kuma cikinta ba ya bushewa da wuri, don haka na fasa yi masa mulmulallu, na yi masa faya-fayai masu faɗi da manyan zobba waɗanda kaurinsu bai kai santimita ɗaya ba. Su kuwa manyan biyu na yi musu mulmulallu da dogaye masu matsakaicin girma, da sharaɗin cewa ba za a buɗe kwanonsu ba sai ina zaune a wurin.

Kwaɓin farko da na yi na fulawa da gishiri ne. Na auna kofi biyu na fulawa da kofi ɗaya na gishiri mai laushi, na gauraya su a bushe har suka haɗu sosai, sannan na riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan ina juyawa. Ruwan da ake bukata bai wuce kofi ɗaya ba, kuma sau da yawa ba ya ƙarewa, domin fulawa ta bambanta wajen shan ruwa. Wajibi ne fulawar ta zama wadda ba a saka mata hodar da ke sa kumburi ba, in ba haka ba ƙwayoyin za su tashi a cikin tanda, hujinsu ya toshe. Gishirin ma in mai manyan ƙwayoyi ne, gara a daka shi a tankaɗe, saboda tsakuwarsa tana fitowa a jikin dutsen ta hana shi santsi. Aikin gishiri a nan guda biyu ne: yana sa kwaɓin ya yi tauri idan ya bushe, yana kuma hana shi yin fumfuna. Na murza kwaɓin a kan tebur na kimanin minti goma, har ya daina manne wa hannu, ya kuma daina tsagewa idan aka lanƙwasa shi, sannan na rufe shi da leda na bar shi ya huta na ɗan lokaci domin ruwan ya ratsa garin ko'ina.

A daidai wannan lokacin ne na tara yaran na yi musu magana da gaske. Kwaɓin yana kama da abin ci, amma yawan gishirin da ke cikinsa yana da haɗari ga ƙaramin jiki idan aka haɗiye shi da yawa, kuma ɗanyar fulawa kanta tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta tun da ba a dafa ta ba. Haka nan yana iya yi wa kare ko kyanwa mummunar illa, ɗanye ko busasshe. Mai shekara biyar ta tambaye ni, "Goggo, ko ɗan lasa ma ba a yi?" Na ce mata ko lasa ba a yi, kuma kowa zai wanke hannu da sabulu kafin a fara da bayan an gama. Wanda yake da yaron da alkama ba ta karɓe shi ba, sai ya bar wannan kwaɓi ya koma ga wanda zan ambata a gaba.

Domin ƙwayoyin su zo daidai da juna, na murza kwaɓin ya zama doguwar igiya mai kaurin babban yatsa, na ɗora rula a gefensa na yanyanka shi tsawo ɗaya, na ba yaran su mulmula a tsakanin tafukansu. Mulmulawa aikinsu ne, kuma ban gyara musu ba sai inda na ga tsaga, domin ƙaramar tsaga a ɗanyen kwaɓi babbar tsaga ce bayan ya bushe. Inda ta bayyana, sai a jiƙa yatsa a shafe ta. Faya-fayan ƙaramin kuwa na shimfiɗa kwaɓin da kwalba, na kifa bakin kofi na fitar da su, shi kuma ya danna musu haƙoran mataji da bayan ganye domin su yi zane.

Huji shi ne wurin da na fi daɗewa a kai, kuma a ganina shi ne ainihin aikin gaba ɗaya. Masu binciken kayan tarihi sun tono ƙananan ɓawon dodon-koɗin teku a kogon Blombos da ke Afirka ta Kudu, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da kimanin 75,000, kuma abin da ya tabbatar musu cewa kayan ado ne shi ne hujin da aka yi musu da gangan da kuma alamar gogar zare a bakinsa. Har yau ƙa'idar ba ta canza ba, domin curin da ba a huda shi da kyau ba, komai kyan fentinsa, ba zai hau igiya ba. Idan aka soka tsinke a ƙwayar da aka gama mulmulawa yanzu-yanzu, sai ta lotse a hannu, bakin da tsinken ya fito kuma ya yi tsini ya yage. Abin da na yi shi ne, na jera ƙwayoyin a faranti na bar su su ɗan sha iska har fatarsu ta fara ƙarfi, sannan na ɗauki kowace na soka tsinken gora daga gefe ɗaya ina murza shi a hankali har ya kai tsakiya, na zare, na juya ta na soka daga ɗaya gefen har hanyoyin biyu suka haɗu. Da haka bakin hujin biyu duk suna lotsawa ne zuwa ciki, babu wanda ya yi kaifi. Bayan haka na mayar da tsinken na kewaya shi a ciki domin in faɗaɗa ƙofar, saboda kwaɓi yana tsukewa idan ruwansa ya fita, kuma fenti da gam za su ƙara cin wani ɓangare na faɗin. Na sa wa kaina ƙa'ida cewa huji a ɗanye ya ninka kaurin igiyar da za a zura. Ga faya-fayan ƙaramin, da murfin biro na fitar da hujin, domin shi yana cire kwaɓin ne gaba ɗaya maimakon ya ture shi gefe, kuma na bar tazara mai kyau tsakanin hujin da bakin faifan don kada wurin ya yi rauni ya ɓalle.

Busarwa tana bukatar haƙuri fiye da kowane mataki. Na kunna tanda a kan digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, na jera ƙwayoyin a kan tiren da na shimfiɗa wa takardar gashi, na riƙa juya su duk bayan rabin awa don kada gefe ɗaya ya baje. Matsakaitan sun ɗauki wajen awa uku, masu kauri kuma sun fi haka. Manufar ita ce a fitar da ruwa, ba a gasa ba. Idan wuta ta yi yawa, bayan ƙwayar yana yin ɓawo tun cikinta yana jiƙe, tururin da ya rasa hanyar fita sai ya kumbura ta ko ya tsaga ta, launinta kuma ya yi ja. Wanda ba shi da tanda yana iya shanya su a wuri mai iska inda yara ba sa kaiwa, sai dai zai jira kwanaki, kuma a lokacin da iska take da laima jiran yana ƙara tsawo. Hanyar da nake gane ta bushe ita ce in ƙwanƙwasa ta da farce: busasshiya tana ba da ƙara mai tsini, mai sauran ruwa kuwa ƙararta a dushe take. Ina kuma leƙa cikin hujin, domin can ne wurin ƙarshe da ke bushewa. Bayan sun huce na bi bakin kowane huji da samfefa mai laushi, na goge duk wani kaifi da zai iya cin igiya ko ya karce fatar yaro.

Na gwada kwaɓi na biyu domin in kwatanta. Ana haɗa kofi biyu na bekin soda da kofi ɗaya na sitacin masara da ruwa kofi ɗaya da kwata, a ɗora a matsakaiciyar wuta ana juyawa ba tsayawa har ya yi kauri ya tattaru ya bar jikin tukunya, sannan a juye, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle har ya huce. Wannan aikin babba ne shi kaɗai, yara ba su da hannu a ciki sai bayan ya yi sanyi. Duwatsun da ya bayar farare ne fat, masu santsi, kuma fenti yana fitowa a jikinsu fiye da na fulawa. Amma na same su da saurin fashewa idan sun faɗi, kuma masu kauri suna tsagewa wajen bushewa. Hukuncin da na yanke shi ne, wannan kwaɓin ya dace da babbar yarinyar da ta san riƙon abu, amma ba zan ba ƙaramin ba, domin faifan da ya ƙi shiga bututun gwaji yana lafiyayye, idan ya fashe ya zama gutsattsarin da za su shige cikinsa.

Duwatsun takarda su ne suka fi jan hankalin babbar, kuma ni ma su na fi jin daɗin koyarwa, saboda a nan ne yaro yake ganin yadda yanka yake haifar da siffa. Mun ɗauki tsofaffin kalandu da shafukan mujalla masu launi, na zana mata dogayen yankuna masu kusurwa uku, gindinsu santimita biyu, tsawonsu wajen santimita talatin, ta yanke su da almakashin yara mai dakusasshen baki. Ana fara naɗewa ne daga gindi mai faɗi a jikin fensir ko tsinke, kuma zagayen farko ba a sa masa gam, don kada takardar ta manne da tsinken. Daga nan sai a shafa ɗan farin gam a jikin takardar, a ci gaba da naɗewa da ƙarfi, ana lura da tsinin ya tsaya a tsakiya, har a manne shi a ƙarshe. Yanki mai kusurwa uku yana ba da ƙwaya mai ƙiba a tsakiya da sirantaka a baki biyu; yankin da faɗinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe yana ba da miƙaƙƙen bututu; idan kuma aka ƙara tsawon takardar ko kaurinta, ƙwayar tana ƙara ƙiba. Ita da kanta ta gano cewa hoton da ke tsakiyar shafi ba ya fitowa ko kaɗan, gefen yankin da tsininsa kawai ake gani, sai ta koma zaɓen shafi bisa launin da ke bakinsa. Na ga wannan ganowar ta fi duk bayanin da zan yi mata amfani. Wani alherin takarda shi ne hujinta a shirye yake tun farko, faɗin abin da aka naɗe ta a kai, kuma ba ta da nauyi a wuya. Mai shekara biyar ta gwada, amma yatsunta ba su iya riƙe naɗin da ƙarfi ba, sai na ba ta aikin shafa gam, ta kuwa riƙe shi da muhimmanci.

Wajen fenti na zaɓi na akirilik wanda ake tsarma shi da ruwa, mai rubutun cewa ba shi da guba kuma an yi shi domin yara. Ban yi amfani da ragowar fentin bango ko na ƙarfe ba, kuma ba na ba kowa shawarar haka. Na soka kowace ƙwaya a kan tsinke, na kafa tsinkayen a jikin kwali, yadda yaro zai riƙe tsinken yana juyawa ba tare da ya taɓa fentin ba. Fentin ya kamata ya kasance da kauri, burushin kuma ba ya ɗigar ruwa, saboda ruwa yana narkar da fatar kwaɓin gishiri ya mayar da ita taɓo. Shafin farko fari na yi, domin launin fulawa yana dusashe ja da shuɗi idan aka ɗora su kai tsaye. Daga nan na sakar musu hannu. Ƙaramin ya haɗa launuka uku a faifai ɗaya har suka koma ruwan ƙasa, na bar masa abinsa yadda ya yi.

Bayan fenti ya bushe sai rufi, kuma wannan mataki ba na ado ba ne kawai. Gishiri yana janyo laima daga iska, don haka dutsen da ba a rufe ba yana iya komawa laushi ko da ruwa bai taɓa shi ba, gumin wuyan yaro kaɗai ya isa. Na tsarma farin gam da ruwa kaɗan, na shafa sau biyu, ina barin na farko ya bushe kafin na biyu, kuma na tura siririn burushi cikin hujin domin can ma ya samu. Duwatsun takarda ma haka na yi musu, suka yi ƙyalli da tauri. Wannan aikin ni kaɗai na yi shi bayan yaran sun kwanta. Da gangan na ware wasu 'yan ƙwayoyi ban rufe su ba, domin in ga bambancin da idona.

Ranar zura igiya na ba kowa igiyar takalmi, saboda bakinta mai tauri yana yin aikin allura ba tare da tsini ba. Inda igiyar ba ta isa ba, na naɗe bakin zaren ulu da salatif ya yi ƙarfi. Na ɗaure ƙwaya ɗaya a ƙarshen kowace igiya domin ta tare sauran, abin da ke hana yaro baƙin cikin ganin aikinsa ya zube ta ɗaya bakin. A nan ne na ga amfanin faɗin hujin. Ƙaramin ya riƙe faifai da hannun hagu, ya tura igiya da dama, ya saki, ya kamo ta ta baya ya ja, kuma wannan sauya hannu da haɗa ido da yatsu shi ne abin da malaman ƙananan yara suke nema a irin wannan wasa. Mariya Montessori, masaniyar ilimin ƙananan yara 'yar ƙasar Italiya wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a shekarar 1907, ta sa duwatsun ado cikin kayan koyar da lissafi, kuma na fahimci dalili lokacin da mai shekara biyar ta fara jera ja biyu, fari ɗaya, ja biyu, fari ɗaya, tana ƙirgawa da baki, ta kuma gane da kanta inda ta tsallake ɗaya ta warware ta gyara.

Ɗaurin ƙarshe shi ne inda na ƙi sassautawa. Duk abin da zai zagaye wuyan yaro dole ne ya zama mai tsinkewa idan ya sarƙe a jikin ƙofa ko reshe, don haka ban ƙulla bakin igiyoyin abin wuya da juna ba. Kowane baki na yi masa ƙullin da zai tare duwatsun, sannan na haɗa bakin biyu da ɗan guntun salatif na takarda wanda yake rabuwa da an fizge shi, ta yadda abin wuyan zai buɗe ba tare da ƙwayoyin sun watse a ƙasa ba. Ƙaramin ban yi masa abin wuya ba sam. Gajeriyar igiya na ba shi, yana zurawa yana zarewa, kuma hakan ya fi burge shi fiye da sakawa. 'Yan matan sun yi mundaye da zaren roba mai miƙewa, na auna yadda yatsana zai shiga tsakanin munduwar da hannu. Mun yi yarjejeniya cewa ba a barci da su, ba a wanka da su, ba a kuma hawa lilo da abin wuya.

Bayan wasu makonni na duba ƙwayoyin da na bari ba rufi, na tarar fatarsu ta yi danshi, farce yana shiga jikinsu, fentin kuma ya fara ɓarewa, sai na zubar da su. Waɗanda aka rufe da gam suna nan da taurinsu, na takarda kuma ko alamar lalacewa ba su nuna ba. Biyu daga cikin na soda sun fashe da suka faɗi a kan siminti. Yanzu ina ajiye su a cikin kwalabe masu murfi a saman kabad, na ƙaramin daban, na 'yan matan daban, kuma duk ranar da za a fito da su ina bin faya-fayan ƙaramin ɗaya bayan ɗaya, ina matsa su da yatsa ina duba gefen hujin, wanda na ga ya fara tsagewa in cire shi kafin in miƙa masa kwanon.